Cinikin Idon Mama Afiniki

A unguwarmu a Kafanchan babu wanda bai san Mama Afiniki mai tsaga citta ba, kuma duk cikinmu babu wanda ya taɓa riƙe hotonta da ido a buɗe. Ni Hulda, tsohuwar malamar firamare, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata. Katangar ma rabinta ya zube tun wata damina, muka ƙi gyarawa, don ta nan muke miƙa wa juna gishiri da gulma. Saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

An haife ta a wani ƙauye bayan Kwoi. Wani leburan jirgin ƙasa mai suna Kumai ne ya auro ta zuwa Kafanchan, zamanin da jirgi ke kuka a tasha safe da yamma. Da jirgin ya fara ɗauke ƙafa, albashin Kumai ya bi shi, sai Afiniki ta ɗauki wuƙa. Idan kaka ta yi, 'yan kasuwa suka tara ɗanyar citta, mata ne ke zama a gindin mangwaro suna tsaga kowace ɗaya biyu don ta bushe da wuri. Aiki ne na sunkuyo. Kai a ƙasa, ido a kan wuƙa, yatsu suna raɗaɗi, tun rana tana sanyi har ta yi zafi ta sake yin sanyi. In lokacin citta ya wuce, ta koma fasa dutse ko sayar da itace. Da haka ta haifi biyar, ta binne biyu, ta kai uku makaranta. Ba ta da gona ko taki ɗaya, amma a cewarta rabin cittar da ta fita daga garin nan ta hannunta ta bi, ni kuwa ba na ja da ita, don bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Ranar Lahadi ita ke buga tulun kiɗa a zumuntar matan coci, tana dukansa kamar ya zage ta.

Tsoro ɗaya take da shi a duniya. Ba na mutuwa ba, na hoton mutuwa.

A nan wajenmu, in mutum ya rasu, kafin a nemi masu haƙa kabari sai an nemi hotonsa. Shi za a buga a takardar sanarwa a manna a kowace falwaya, da rana da lokaci da wurin da za a yi sujada. Shi za a buga a riguna da bokitai, shi za a ɗaura a motar da ta ɗauki gawa. Duk wahalar da ka sha a duniya, da wannan fuskar za a raka ka. To, da Kumai ya rasu aka duba ko'ina, ba shi da hoto sai guda ɗaya, na ma'aikatan tasha su da yawa a jere, kowa da hula iri ɗaya. Babban ɗansu Nelson, wanda ke zaune a Kaduna, ya kai wa mai buga takardu, ya ɗora yatsa a kan wani kai, ya fita da sauri neman shinkafa. Yatsan Nelson kuwa mai kauri ne, ya rufe kai biyu. Mai bugawa ya zaɓi wanda ya fi fitowa.

Ranar biso, wato ranar binnewa, Baba Zamani, abokin aikin marigayin, ya zo a kan kekensa don ya raka amininsa, ya tarar da fuskarsa a ƙirjin kowa. Ya jingine keke, ya zauna a kujerar baya, aka miƙa masa riga ya karɓa, amma shinkafa ta ƙi shiga. Aka binne Kumai da fuskar Zamani, ta faru ta ƙare. Mutane sun yi dariya a ɓoye har suka gaji. Afiniki ba ta yi ba. Ta ce mini mutumin ya yi shekaru yana ɗaukar ƙarfe a ka, ranarsa guda ɗaya ma wani ne ya ci. Ta rantse ba za a yi mata haka ba, da kanta za ta tanadi hotonta tun tana numfashi.

Nan ne gizo ke saƙar. Da an ɗaga mata abin ɗaukar hoto, sai idonta ya rufe ruf. Mai hoton bakin kasuwa ya gwada da fitila, ya gwada ba fitila, ya ƙirga mata, ya yaudare ta ya danna kafin ya gama ƙirgawa, duk a banza. Daga baya in ya hango ta da zanen zumunta sai ya tuna yana da aiki a Kagoro. Da wayoyi suka cika gari, jikokinta suka ce a sace ta tana aiki ba ta sani ba. Aka sace ta, amma tunda kullum kanta a sunkuye yake, fatar ido kawai ake gani. Nelson ya kawo shawarar bidiyo. Ta zauna tiƙis a gaban wayarsa ido a runtse har batir ya mutu. Ta ce ita ba da gangan take yi ba, idon ne ba ya son a zura masa ido. Abin da ke cin ranta shi ne kada a manna ta a falwaya ido a rufe, masu wucewa su ce 'ya'yanta sun rasa hoto har sai da suka ɗauki gawa.

Ana haka Doreen ta dawo gari. 'Yar wata nas ce a cocinmu, ta yi karatun zane a Zariya, ta zauna a Legas, ta dawo da gashi a murɗe da wando duk ɗigon fenti. Ta kama hayar wani tsohon shago kusa da tasha, tana kwaɓa fenti da jar ƙasa da toka da garin gawayi, har uwarta ta sa a yi mata addu'a. Ta ce matan da ba wanda ke kallo take son zanawa: masu tsaga citta, masu fasa dutse, gwauraye masu itace a ka. Da ta zo gindin mangwaro ta yi wannan bayani, wasu suka tambaya ko gwamnati ce za ta raba wani abu, da suka ji babu suka koma kan wuƙaƙensu. Afiniki kaɗai ta ɗago.

"Yarinya na, mai zane da hannu yana iya buɗe ma mutum ido?"

"Mama, abin da na so shi nake sa wa a ciki," in ji Doreen.

Ta ciro waya ta nuna mata hotunan kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka tono a ƙasarsu Afiniki, ta ce aikin kakanninmu ne, kuma daga wajensu take koyon yadda ake gina fuska. Afiniki ta karɓi wayar ta kai kusa da hancinta. Ga idanu manya-manya a buɗe, har da huda a tsakiya. Da ta ji sun fi shekara dubu biyu a cikin ƙasa ba su ƙifta ba, ta ce magana ta ƙare. Kowaccensu ta tafi gida da murna, Doreen ta samu wadda za ta zana, Afiniki ta samu hoton biso, kuma babu wadda ta gaya wa 'yar'uwarta abin da ta samu.

Daga ranar, kullum in ta tashi aiki sai ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumunta, ta miƙo hannu ta katanga in ba ta jakata da agogona wanda ya daina tafiya tun ina aiki. Ta je shagon Doreen ta zauna a miƙe, ta ware ido iya ƙarfinta har hawaye ya riƙa zuba. In ta dawo sai in ɗiga mata magani. Doreen ba ta bari a leƙa abin da take yi, ta juya wa kowa bayan allon. Da safe kuma takan zo gindin mangwaro ta zauna a kan buhu da takarda a cinya, tana 'yan zane-zanenta. Ba wanda ya kula da ita, an ɗauka zaman banza ne irin na masu ilimi.

Da aiki ya kammala, Doreen ta nemi zauren coci don ta baje kolin zane-zanenta ranar wata Asabar. Ta buga sanarwa yadda ake yi a Legas: ta ɗauki fuskar zanen da ta fi so ta cika takarda da ita, ta sa sunan Afiniki a ƙasa da manyan baƙaƙe, sai rana da lokaci da wuri, sai wani ɗan Turanci ƙanana kamar ƙwayar acca. Ta sa aka manna a falwayoyi daga tasha har kasuwa, ta hau mota zuwa Kaduna sayen katakon da za ta kewaye zanen da shi. Afiniki kuwa ta tafi ƙauyensu bikin jikar ƙanwarta, inda waya ba ta shiga sai an hau dutse.

Tsohuwa, ido a rufe, da suna, da rana, da zauren coci. A Kafanchan ba a buƙatar ƙari a kan wannan.

Ni na karanta ƙananan baƙaƙen, don aikina ke nan shekara da shekaru. Na fito na ce wa mata ba rasuwa ba ce, baje koli ne, matar tana ƙauye tana cin naman biki. Suka dube ni da tausayi. Shugabar zumunta ta rungume ni ta ce sun san na fi kowa kusa da ita, in yi haƙuri, haka baƙin ciki yake juya wa mutum kai. Na ɗaga murya, suka kawo mini kunu. Na jawo ɗaya zuwa falwaya in nuna mata rubutun, ta kalli fuskar ta fashe da kuka. Ban taɓa jin haushin mutanen da nake ƙauna kamar ranar ba.

Kafin rana ta faɗi an jibge itace a ƙofar gidanta. Washegari rumfunan haya da kujeru suka iso. Matan zumunta suka kafa tukwane, suna waƙa ba mai buga tulu, abin da ya ƙara musu kuka. Nelson ya ga sanarwar a waya, ya taho daga Kaduna da alade a bayan mota, yana faɗa a kan me ya sa shi babban ɗa sai a falwaya zai ji. Ya tambayi inda gawa take. Maƙwabta suka ce ai dangi sun kai ta ɗakin ajiya, dangin da ke gari suka ce ai coci ce ta kai, Rabaran Francis, limamin cocinmu, ya ce shi ma yanzu yake dawowa daga taro, amma tunda an sa zaurensa ai dattawa sun san da maganar. Baba Zamani ya zo da sanda, don keke ya fi ƙarfinsa yanzu. Ya daɗe a gaban sanarwar yana dubawa, sai da ya tabbata ba shi ba ne ya nemi kujera.

Ranar Juma'a da hantsi ɗan acaɓa ya sauke Afiniki a bakin layi, da kaza a hammata da ƙullin acca a ka. Ta hango rumfuna a tsakanin gidanta da nawa, ta hango hayaƙi, ta ji waƙar rakiya. Ta saki kazar.

"Wayyo, Malama Hulda ya tafi ya bar ni!"

Ta taho tana kuka, hannu a ka. Abin da ya biyo baya ba zan iya jera shi daidai ba. Na dai ga shugabar zumunta, mace mai ciwon gwiwa, ta tsallake katangarmu ta inda ba ta zube ba. Aladen ya tsinke. Rabaran ya tsaya a wurinsa yana riƙe da Littafi Mai Tsarki da hannu biyu, amma ya gaya mini daga baya ƙafafunsa ne suka ƙi. Ni na fito na tsaya a gabanta, ta dube ni, ta taɓa kumatuna, ta tambaye ni to wane ne ya rasu. Na kama hannunta na kai ta gaban falwaya.

Ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta yi faɗa a kan an kashe ta da ranta, ashe wannan bai dame ta ba. Ta ce mutuwa ba komai, kowa zai yi. Ta sa yatsa a kan takardar, a kan idon dama, sannan na hagu, ta dube ni. Wallahi tausayinta ya kama ni, don na san hawayen da ta zubar a shagon nan, ni na ɗiga mata magani.

Da mutane suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a kujerar gaba ta ce a zuba mata shinkafar, tunda tata ce. Ta sa aka maimaita mata abin da kowa ya faɗa a kanta tun jiya. Ta gyara wa wasu, ta ce wa wata ƙarya take yi, ba su taɓa shiri ba. Ta tambayi Nelson ko sai ta mutu yake sanin hanyar Kafanchan. Sannan ta ce kada kowa ya tafi, gobe akwai zama a zauren coci kamar yadda takarda ta faɗa.

Haka aka yi Doreen ta dawo daga Kaduna ta samu taron da wani mai zane bai taɓa samu ba a garin nan. Mutanen Kwoi sun zo da bas, na Kachia sun zo, tunda an riga an yi ɗinki kuma abinci ya dahu. Aka shiga zaure ana zagayawa. Ga mai fasa dutse da guduma a ƙasa, ga mai itace ta jingine kayanta, dukansu da launin jar ƙasa, kowa yana nuna wadda ya sani. A can ƙurya kuma ga nata, ya fi ƙofa tsawo. Ba zanen zumunta, ba jakata, ba agogona. Afiniki ce a kan 'yar kujerarta ta aiki, da tsohon ɗankwalinta mai huda, ta jingina da mangwaro, citta ta taru a gabanta, wuƙa ta kwanta a tafin hannunta. A bayanta kawunan Nok ne a jere, ido a buɗe tar. Ita kuwa tana barci. Zan faɗi gaskiya, zanen ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Shekarun da muka yi tare ban taɓa ganin hannun nan a kwance ba.

Doreen ta yi bayani a hankali, don ta riga ta ji abin da sanarwarta ta jawo. Ta ce wata rana da tsakar rana ta ga gyangyaɗi ya sace Mama na ɗan lokaci, shi ta zana. Ta ce mata irin su Mama ba a taɓa barinsu sun huta ba, shi ya sa ta ba ta hutu, ta sa kakanni su yi mata gadi.

"Tukunya kin buɗe masa ido," in ji Afiniki. "Ni mutum, kin rufe."

Sai a lokacin Afiniki ta gaya mata labarin Kumai da abin da take nema. Doreen ta rufe baki da hannu. Ta ce za ta zana mata wani dabam, da zanen zumunta da komai, ido biyu a buɗe, kyauta. Ni na ce madalla, kowa ya ce madalla. Afiniki ta girgiza kai. Ta ce ba ta son wani. Ta ce duk hotunan da aka yi mata, ba ita ba ce a ciki, wata mata ce ta ari jaka. Wannan kuwa ita ce, ga ma tabon da wuƙa ta yi mata a babban yatsa. Da wannan aka yi mata kuka, da shi za a raka ta, a buɗe masa ido kawai. Doreen ta ce in ta buɗe idon ta kashe zanen, barcin shi ne maganar gaba ɗaya. Afiniki ta ce in barci ne akwai shi da yawa a gaba.

Rabaran Francis ya sa aka kawo benci, ya zaunar da su kamar masu rikicin iyakar gona. Ya tambayi Afiniki ido nawa take so a buɗe, ta ce biyu, kamar yadda Allah ya ba ta. Ya tambayi Doreen nawa za ta iya bayarwa, ta ce ko ɗaya. Ya karanta musu aya a kan zaman lafiya, ba wadda ta motsa. Afiniki ta ƙara da cewa a sa mata zanen zumunta, kowa ya gane ta ƙara ne don ta samu abin ragewa, ba a banza ta tsufa a kasuwar citta ba. Aka ja, aka ja. Zaure ya rabu biyu, matasa suna bayan Doreen, zumunta tana bayan mai tulunta. Sai Baba Zamani ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce shi ya san abin da fuska take jawowa, a raba, a buɗe ɗaya.

Aka yi dariya, amma Afiniki ba ta yi ba, tana lissafi. Ta ce ta yafe zanen zumunta, amma na dama za a buɗe, don na hagu ya fara yana, kuma a buɗe shi sosai, ba irin na mai jin kunya ba. Doreen ta dubi zanenta, ta dubi tsohuwar, hawayen haushi yana zubo mata. Ta ce ta sallama. Rabaran ya sa suka yi musabaha.

A gaban kowa ta kwaɓa fenti. Afiniki ta gyara zama ta ware ido kamar yadda ta saba, Doreen ta ce a'a.

"Mama, kar ki buɗe da ƙarfi. Ki kalle ni kawai, yadda kike kallon mai awon citta in ya taɓa buhunki."

Ta kalle ta. Ba a daɗe ba Doreen ta ja da baya, ta ajiye buroshi. Tsohuwar da ke jikin allo tana nan tana hutawa, amma ta san duk wanda ya shigo. Wani ɗan acaɓa da ke tsaye kusa da ni ya cire hularsa, bai san ya cire ba. Afiniki ta tashi ta duba daga dama, ta duba daga hagu, ta ce da babu gara ba daɗi. Na tuna mata cewa mai ido ɗaya ba ya gode wa Allah sai ya ga makaho, ta ce ai ta gan shi, yana manne a kowace falwaya. A ranar ta sa jikokinta suka bi gari suka ɓamɓare sanarwar.

Zanen ya yi yawo bayan haka, Abuja da Legas. Doreen ta ce mutane suna tsayawa a gabansa suna dogon Turanci a kan ma'anar ido ɗaya, in suka tambaye ta sai ta ce ciniki ne. An taya, ta ƙi sayarwa, don akwai alkawari duk inda yake zai dawo ranar da ake buƙatarsa. Afiniki ta koma gindin mangwaro da kwanciyar rai, har ta yi 'yar ƙiba. Sai shekarar da cuta ta ruɓar da citta a gonaki ta zo, aikin tsagawa ya yi ƙaranci, ta koma fasa dutse da tsufanta. Tari ya kama ta. Da damina ta gaba ta rasu, da safe, ina riƙe da kofin kununta. Idanunta da kanta ta rufe su, duka biyun.

Muka buga sanarwa da zanen, ido ɗaya a buɗe, muka manna daga tasha har kasuwa. Gari bai motsa ba. Masu wucewa suka ce yarinyar nan ta sake kawo baje kolinta. Wasu suka ce ai sun riga sun kai itace wancan karon. Mutanen Kwoi suka aiko a tambaya ko a wannan karon ma akwai shinkafa. Na bi gida gida da ƙafata ina rantsuwa, ni da na ce musu ba ta mutu ba suka ƙi yarda, yanzu ina cewa ta mutu suna murmushi suna cewa Malama akwai barkwanci. Nelson ma sai da Rabaran ya kira shi da kansa. Baba Zamani ne kaɗai ya zo ba tambaya, ya zauna a kujerar baya.

Da safiyar biso Doreen ta iso da zanen, da kayan fentinta. Ta ce biyu Mama ta nema, ita ce ta yi rowa, yanzu za ta cika mata. Muka jingine allon a katangarmu, ta kwaɓa fenti, ta ɗaga buroshi ta kai kan idon hagu. Hannunta ya tsaya a nan. Ta ce ba ta san shi ba. Duk zaman da aka yi a shago hannuwa da kafaɗu take kallo, ranar zaure kuma na dama kaɗai ta duba. Ta tambaye ni yadda yake, ko ya kai na dama girma, ta ina yanar ta fara. Na buɗe baki in faɗa mata, ni da katanga ɗaya ta raba mu, ni da na sha ɗiga masa magani ban taɓa lura ba, na tarar ba ni da shi. Abin da na sani shi ne tsakiyar kanta, da ɗankwali mai huda, da muryarta tana fitowa daga ƙasa. Muka tsaya mu biyu muna kuka a gaban allon, har fentin ya bushe a buroshi.

Zanen ya fi gilashin mota girma, saboda haka aka tsayar da shi a bayan a-kori-kura, a kan akwatin, yana fuskantar masu bin baya. Mu kaɗan ne muka tashi daga coci, ba mai buga tulu. Da muka zo kasuwa, matan da ke bakin hanya suka ɗago don su gaisa da zanen, sai suka ga akwatin a ƙarƙashinsa. Na ga wata ta ajiye tiren gyaɗarta a ƙasa ta biyo mu ba takalmi. Masu shago suka fara jawo ƙofofi, 'yan acaɓa suka kunna fitilu suka shigo layi, na gindin mangwaro suka fito da wuƙaƙe a hannu don sun manta su ajiye. Motar tana tafiya a hankali zuwa hanyar Kwoi, layi yana ƙara tsawo, ita kuwa tana sama ta jingina da mangwaronta, tana ganin duk wanda ya fito.